Jawabin Maraba ga Mai Girma Hakimi a Ziyararsa Bargar Dawakan Sukuwa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Mai girma Hakimi, 'yan tawagarsa, dagatai da masu unguwanni, malam liman, likitanmu na dabbobi, mahaya da 'yan barga, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, lale marhabin. A madadin masu wannan barga da yaran da ke kwana suna tashi da dawaki, muna yi maka barka da sauka. Bargar ƙarama ce, ɗakuna 8, dawaki 6. Wanda ya tashi a gidan sarauta ba a koya masa doki, mun sani. Sai dai waɗanda za a fito maka da su yau ba irin na hawan Sallah ba ne, kuma kiwonsu ya sha bamban da na dokin turke, shi ya sa muke neman izini mu yi bayani kafin a zagaya.

Dukkansu jinsin nan ne na Ingila da ake kira Torobired. Asalinsa ingarmu 3 ne da aka kai Ingila daga ƙasashen Gabas tsakanin ƙarshen ƙarni na 17 da farkon na 18, wato Byerley Turk da Darley Arabian da Godolphin Arabian, aka haɗa su da goɗiyoyin can. Tun 1791 ake rubuta nasabarsu a littafi, kuma har yau ba a shigar da dukushi sai an tabbatar ingarma ne ya hau uwarsa da kansa, ba allurar barbara aka yi mata ba. Tsayinsa a doro yakan kai santimita 160 zuwa 165, nauyinsa kilo 450 zuwa 500, kuma idan ya miƙe yana haura kilomita 60 a awa. Shekara 300 ana zaɓensa don gudu kaɗai, saboda haka ya fito da babbar zuciya da faɗin ƙirji, amma da siraran ƙafafu da fata marar kauri da kofato mai taushi. Doki ɗan Arewa zai sha rana, ya ci abin da ya samu, ya kwana a turke, gari ya waye garau. Wannan kuwa in aka yi masa haka mako guda, an gama da shi. A nan ƙasar, jini ba ya cin kofi sai an kawo doki bakin layi da lafiyarsa, kuma wannan shi ne aikin da ke cinye mana kwanaki.

Ɗakin farko na Akawali ne, ingarma ɗan shekara 5, haihuwar Afirka ta Kudu. Can ana ƙirga shekarun doki daga 1 ga Agusta, a Turai kuma daga 1 ga Janairu, don haka sai an lura idan ana karanta takardunsu. Dokin dogon zango ne, mita 2,000 zuwa 2,400. Ba ya tashi da wuta, sai an wuce rabin fili yake fara cin ƙasa, kuma mahayin da ya matsa masa tun farko zai ƙone shi kafin kwanar ƙarshe. Kusa da shi Bikili ne, ɗan shekara 4, gajeren baya, cikakken cinya, gwanin mita 1,000 zuwa 1,200. Aibinsa zafin kai a wurin tashi, yana jiƙewa da gumi tun ba a sake su ba. Jar goɗiya da Hurde 'yan mita 1,600 ne. Sai dukusai 2 da aka haifa a nan gida, waɗanda bana ba za su ga fili ba sai na koyo.

Ranka ya daɗe, a wurin abinci aka fi yin ɓarna, kuma yawanci da kyakkyawar niyya. Doki mai kilo 480 da ke cikin aiki yana cin kusan kilo 12 a yini. Kilo 7 daga ciki dole ya zama ingirici da harawa, sauran kilo 5 hatsi: gero da masara ɓarzajju, ɗan gasasshen waken soya, da dusa kaɗan. Ana raba hatsin kashi 3, kada ko ɗaya ya wuce kilo 2, domin tumbin doki ƙarami ne, kuma ba ya iya amai. Abin da ya yi yawa sai ya wuce hanji bai narke ba, ya yi tsami, daga nan sai ciwon ciki, ko kuma zafi ya sauka a kofato har doki ya tsaya yana jingina baya kamar yana taka garwashi. Da sikeli muke awo ba da kwano ba, don kwanon gero da kwanon dusa ba nauyinsu ɗaya ba. In za a sauya abinci, a hankali ake yi cikin kwana 7 zuwa 10.

Dusa tana da nata sharrin da ba kowa ya sani ba. Sinadarin fosfaras ya yi mata yawa, kalsiyam ya yi kaɗan, alhali doki yana son kalsiyam ya kusa ninka fosfaras. In aka daɗe ana cika masa dusa, jiki sai ya riƙa zarar kalsiyam daga ƙashi, fuska ta kumbura a saman hanci, ɗingishi ya riƙa yawo daga wannan ƙafa zuwa waccan. Harawar gyada da ta wake suna gyara wannan, amma sai an buɗe kowane dami an shinshina, wanda ya yi fumfuna a jefar. Gyauron dawa ba ya shiga gidan nan. Haka abincin kaji, ko buhunsa ba ma yarda a zuba hatsi a ciki, saboda wani magani da ake sa wa a ciki mai suna monensin, wanda kaɗan daga cikinsa ke lalata zuciyar doki. Ba a zuba abinci a ƙasa, kada ya haɗa da yashi ya taru a hanji. Ruwa kuma lita 40 zuwa 50 a rana, da zafi ya fi haka, da gishiri kamar giram 50.

Babban abin da ke hana mu barci shi ne cutar dawaki ta Afirka. Wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari ne ke yaɗa ta, ba su kai sauro girma ba, suna cizo da magariba da asuba, sun fi yawa a ƙarshen damina. Dawakan gida sun ɗan saba da ita. Baƙon doki da ba a yi wa rigakafi ba kuwa, cikin 10 tana iya kashe 9. Alamunta zazzaɓi digiri 40 zuwa 41, ramin saman ido ya cika ya kumbura, numfashi ya yi wuya, a ƙarshe kumfa ta fito ta hanci. Ba ta da magani, sai tsari. Za ka ga tagoginmu da raga mai ƙananan idanu fiye da gidan sauro, da fanka a kowane ɗaki domin ƙwarin ba sa jure iska. Ana shigar da dawaki kafin rana ta faɗi, ba a fito da su sai ta ɗaga. Safe da yamma ana auna zafin kowanne a rubuta a allon ƙofarsa: daga 37.5 zuwa 38.5 lafiya ce, ya haura 39 a kira likita, ba a jira gobe. Allurar rigakafin da ake yi a Onderstepoort ta Afirka ta Kudu kwalba 2 ce, da mako 3 a tsakani, kuma ba a sa doki aiki mai nauyi a lokacin. Wajibi ne ta zauna a sanyin digiri 2 zuwa 8 tun daga inda aka yi ta har jikin doki. In sanyin ya yanke a hanya, ruwa kawai aka tsira masa, mai doki kuma yana can ya saki jiki.

Sauran su ne kaska mai kawo zazzaɓi da ƙarancin jini, da tsutsar ciki, da tetanus, da murar dawaki irin wadda ta yi wa jakai ɓarna a Sakkwato da Nijar a 2018 zuwa 2019. Akwai kuma ɗaukewar gumi, wadda ke kama dokin da aka kawo daga ƙasar sanyi: a dawo daga kilisa a ga jikinsa a bushe yana haki. Wannan ba ƙarfi ba ne, haɗari ne, sai a yi ta kwarara masa ruwa a inuwa har numfashi ya sauka.

Shirin kakar gudu mako 12 ne. Mako 4 na farko tafiya da sassarfa, daga minti 30 har awa guda. Mako 4 na biye ƙaramar sukuwa, mita 2,000 zuwa 3,000. A mako 4 na ƙarshe ne ake sakin linzami, sau 2 kacal a mako, mita 600 zuwa 1,000. Dalilin wannan jinkiri shi ne zuciya da tsoka suna ƙarfi cikin makonni, ƙashi da jijiya kuwa sai watanni. Doki zai nuna maka ya shirya, yana haniniya yana cizon linzami, alhali ƙwaurinsa bai ƙosa ba. Ana fita bayan sallar asuba da zarar rana ta ɗaga, a dawo kafin 8. Zuciyar da ke bugawa sau 30 zuwa 40 a minti in yana hutawa tana haura 220 a tsakiyar gudu, kuma in bayan minti 30 ba ta sauko kusa da 60 ba, aikin ya fi ƙarfinsa.

Da an dawo, ɗan barga zai durƙusa ya shafa bayan kowace ƙafar gaba da tafin hannu, daga gwiwa zuwa dunduniya. Lafiyayyar jijiya sanyi gare ta, a miƙe kamar tsirkiya. In ɗaya ta fi 'yar uwarta ɗumi, ko yatsa ya ji ɗan tudu, an dakata ke nan, domin jijiyar da ta tsage tana cin wata 9 zuwa shekara. Kofato ana gyara shi duk mako 4 zuwa 6. In aka bar gabansa ya yi tsawo, nauyi sai ya koma kan jijiyar nan. Da hunturu kuma ana jiƙa ingirici minti 20 kafin a ba su, saboda ƙura na sa tari, tari kuma na jawo haɓo bayan gudu.

Game da burinmu na bana, Hausawa sun ce dokin mai baki ya fi gudu, don haka za mu faɗi iya abin da muka auna. Bikili zai fara a filin sukuwa na Kano a mita 1,200, domin a gida zai fi samun natsuwa. In ya tashi daidai da sauran, muna sa ran ya shiga cikin 3 na farko. Akawali shi ne dokin kofinmu. Gudu 3 ko 4 kawai muka tsara masa a duk kakar, da aƙalla mako 3 a tsakani, kuma idan ya nuna a Kano da Katsina, sai mu nufi Bida. Jar goɗiya wannan ce kakarta ta ƙarshe, daga nan sai haihuwa, cikin wata 11, don haka ba za mu sa ta a fili mai tauri ba ko nawa ne ladan. Hurde yana dawowa daga ciwon ƙwauri, sai rabin kaka. Doguwar tafiya kamar ta Bida, ana tsayawa duk awa 4 a ba su ruwa, a sassauta ragama su sunkuyar da kai, in ba haka ba majina ta taru a huhu su sauka da zazzaɓi, kuma ana isa kwana 3 kafin ranar gudu. Dokin da ya wayi gari da ɗingishi za mu janye shi. Ba za mu yi masa allurar kashe zafi mu tura shi fili ba, domin ciwon yana nan, ji ne kawai ya ɗauke, kuma a nan ƙafa ke karyewa da yaro a kai. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ranka ya daɗe, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Koke-kokenmu ga su. Filin da muke kilisa da rani yakan bushe ya zama tsandauri, kuma shi ne ke cin ƙafafun dawakin yankin nan, namu da na maƙwabta. Yana buƙatar a bi shi da haro zurfin santimita 8 zuwa 10, a yayyafa masa ruwa da tanka ana gobe gudu, a cike ramukan gara da na gafiya, a kuma hana masu koyon mota shiga. Muna roƙon ka sa baki a wurin ƙaramar hukuma. Muna kuma roƙon ka tara masu dawakin ƙasarka su haɗa kuɗi a sayi rigakafi lokaci guda, a ajiye a firiji mai aiki da hasken rana, likita ɗaya ya bi barga-barga, a kuma riƙa tura jinin duk dokin da ya mutu da zazzaɓi zuwa cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom. Na ƙarshe, a duk gasar da za a yi da sunanka, a kafa sikeli a auna mahayi da sirdinsa kafin gudu da bayansa, domin a mita 1,600 bambancin kilo guda yana kai tsawon doki guda. A tilasta hular kwano ga kowane yaro, a kuma ba likita ikon fitar da gurgun doki ko na wane ne.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya, ya mayar da kai gida lafiya tare da jama'arka. An goge dawakin tun safe, 'yan barga suna tsaye a ƙofar ɗakunansu. In ka ba da izini, sai mu fara da Akawali. A bi ta gefen hagunsa, ranka ya daɗe, kuma muna roƙon maroƙa da masu algaita su dakata a waje har mu wuce ɗakin Bikili.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.