Gmail na dawo da wasiƙun sabarka? Duba PTR kafin ka taɓa Roundcube

[Allo: hoton saƙon da ya dawo, an zagaye lambar 550 5.7.25]

Assalamu alaikum jama'a. Wannan hoton shi ne yake ta yawo a zaurukan WhatsApp na masu haɗa wa mutane shafukan intanet, daga Nima da Mamobi har Aboabo da Asawase. Mutum ya kafa wa makaranta ko kamfanin tafiye-tafiye sabar imel, ya sa SPF, ya sa DKIM, ya sa DMARC, wato shaidun da ke nuna wasiƙa daga domen ɗinsa ta fito, amma da ya aika wa mai Gmail sai wasiƙar ta dawo da wannan lambar. Sai shawarwari su yi ta zuwa. Wani ya ce a cire Roundcube a sa wata manhaja, wani ya ce a sayi sabon domen. Ba nan gizo ke saƙar ba, matsalar ta PTR ce, wato sunan da ke jikin adireshin sabar, kuma kuɗin domen ɗin gara a sha koko da ƙosai da shi.

Roundcube ba ya kai wasiƙa ko'ina. Shafi ne da kake shiga ka rubuta ka karanta. Dovecot ke buɗe maka akwatinka, Postfix ke ɗaukar wasiƙar ya fita da ita. Gmail bai ma san kana da Roundcube ba.

[Allo: fayil ɗin config.inc.php, ana gangarawa]

To mu wuce abubuwan da yawancinku kun riga kun yi daidai. A nan, cikin fayil ɗin saitin Roundcube, imap_host ya nuna ƙofa ta 993, smtp_host ya nuna ta 587. Idan sunayen da ke naka fayil ɗin sun bambanta da waɗannan, tsohon Roundcube gare ka, don a siga ta 1.6 aka canza su. Takardar tsaro ta Let's Encrypt kyauta ce, a dai tabbata tana sabunta kanta. SPF layi ɗaya tak ake sawa a domen, biyu sun ɓata juna. Makullin DKIM a yi shi mai 2048. DMARC a fara da p=none har a ga yadda abubuwa ke tafiya. Shi ke nan. Ku tsayar da bidiyon ku kwafa in kuna so, ni na yi gaba.

[Allo: tagar umarni, baƙa wuluk]

Yanzu ga inda nake so mu zauna.

Tun watan Fabrairun 2024 Google ya tsaurara sharuɗɗan karɓar wasiƙa. Abin da aka fi yayatawa shi ne na masu aika saƙo 5,000 ko fiye a rana, shi ya sa ƙananan sabobi suka ɗauka ba da su ake ba. Amma akwai sharuɗɗan da suka hau kan kowa, ko wasiƙa uku kake aikawa a mako. Ɗaya daga ciki: adireshin IP ɗin da wasiƙar ta fito daga gare shi ya kasance yana da suna, kuma sunan nan idan aka bi shi ya komo kan adireshin. Abin da 5.7.25 ke kuka a kai ke nan.

DNS ɗin da muka saba da shi, suna kake bayarwa ya ba ka lamba. Ka ce mail.sunanka.com.gh, ya ce 203.0.113.25. Wannan lambar ta koyarwa ce, kada wani ya kwafe ta. PTR kuwa akasin haka yake yi: lamba ake ba shi ya faɗi suna.

Kowa a nan ya taɓa tura MoMo. Ka buga lambar mutum, kafin ka sa lambar sirri sai sunansa ya fito, ka duba ka ga ko shi ne. Wannan sunan daga ina yake zuwa? Daga kamfanin layin, inda aka yi rajista da Ghana Card. Ko da ka ajiye lambarka a cikin wayarka da sunan Alhaji Mai Dala, ba shi zai fito wa mai turo maka kuɗi ba. To PTR ma a hannun mai adireshin IP yake, wato kamfanin da ka yi hayar saba a wurinsa. Ba ya hannun wanda ya sayar maka da domen.

[Allo: shafin DNS na Cloudflare, kamfanin da ake ajiye bayanan domen a wurinsa, an buɗe jerin nau'o'in bayanai]

Ku duba abin da ke ruɗa mutane. A cikin jerin nan akwai A, akwai MX, akwai TXT, ga kuma PTR ɗin kansa. Mutum ya zaɓa, ya cika, ya danna ajiyewa, shafin ya karɓa ba gardama. Sai ya koma zaure ya ce ai ya sa. E, ya sa, amma a inda ba mai zuwa tambaya. Idan Gmail na neman sunan 203.0.113.25, ba ya leƙa domen ɗinka sam. Juya lambar yake yi ta koma 25.113.0.203, ya liƙa mata in-addr.arpa, ya tambaya a can. Wannan ɓangaren kuwa yana bin yadda aka raba adireshi ne. Na Afirka AFRINIC ke rabawa daga Morishiyos, na Turai RIPE NCC daga Amstadam, su miƙa wa kamfanoni, kamfanoni su ba ka haya. Ikon sa suna yana tsayawa ne a hannun kamfanin, sai in ya buɗe maka ƙofa.

Kowane kamfani kuma da tasa ƙofar. A Hetzner akwai wurin gyara shi a jikin adireshin, cikin shafin sarrafa saba. A DigitalOcean sunan da ka raɗa wa sabar shi ke zama PTR, saboda haka sai ka sa mata cikakken suna, mail.sunanka.com.gh. Idan kamfanin gida ne a nan Accra ko Kumasi kuma ba ka ga wurin ba, ka rubuta musu, ka ba su lambar da sunan da kake so. Ba alfarma kake roƙo ba, aikinsu ne.

[Allo: ana buga umarni ɗaya bayan ɗaya]

Mu gwada. Na farko, umarnin tambayar DNS, wato dig -x da lambar sabar, sannan +short. Ga amsa: mail.sunanka.com.gh. Na biyu, dig da wannan sunan. Dole ya dawo da lambar da muka fara da ita. Na uku, postconf myhostname, don mu ga sunan da Postfix ke gabatar da kansa da shi idan ya yi sallama a ƙofar wata saba. Ina so ukun nan bakinsu ya zo ɗaya. Idan na ukun ya nuna localhost ko wani dogon suna da kamfanin ya laƙaba, a gyara shi cikin main.cf a sake loda Postfix.

Ku lura da gajimaren nan na Cloudflare da ke gefen sunan mail. Idan ruwan lemo ne, duk wanda ya tambayi sunan, lambar Cloudflare za a ba shi, ba taka ba, gwaji na biyu ya faɗi ke nan. A danna shi ya koma toka-toka. Na www ya zauna yadda yake.

Wata tambaya da ke yawan biyo baya: saba ɗaya ce amma domen biyar ke kanta, na makaranta, na masu harkar aikin Hajji, na mai fitar da kaya daga tashar Tema, wanne za a sa? Ba ko ɗaya. PTR sunan sabar yake ɗauka, suna ɗaya. Ba a ce sai ya yi daidai da abin da ke bayan alamar @ na mai aikawa ba. Wannan aikin SPF da DKIM ne, kuma su kowane domen da nasa.

[Allo: /var/log/mail.log, an haska layi ɗaya]

Sauran waɗanda suka yi duk wannan daidai amma wasiƙar ta ci gaba da dawowa. Ku karanta adireshin da ke cikin saƙon da kyau. Idan dogo ne, da haruffa da ɗigo bibbiyu a tsakani, to Postfix ta IPv6 ya fita, kai kuma na IPv4 kaɗai ka sa wa suna. Hanya biyu ce. Ko ka sa wa na IPv6 nasa PTR da bayanin AAAA mai mayar da suna zuwa wannan dogon adireshin, ka ƙara shi cikin SPF, ko ka mayar da inet_protocols zuwa ipv4 ka kashe Postfix ka kunna. Ni ta farko na fi so, amma idan da safe shugaban makaranta zai aika wa iyaye sakamakon jarrabawa, bi ta biyu ka kwanta.

Masu son ajiye sabar a shago ko a ofis kan layin MTN ko Telecel kuwa, ra'ayina kada ku fara. Adireshin irin wannan layin yakan canza, sau da yawa ma kai da mutane da yawa kuke raba guda ɗaya, kuma irinsu ne Spamhaus, ƙungiyar da ke yaƙi da spam, ke jerawa a matsayin waɗanda bai kamata su aika wasiƙa kai tsaye ba. Ba mu ma zo maganar dumsor, wato ɗauke wuta, ba. Idan har dole sai a ofis, a nemi layin kasuwanci mai tsayayyen adireshi, a tambaye su tun kafin a biya ko suna sa PTR.

Haka ƙofa ta 25. Kamfanonin haya da dama, har da Amazon, suna toshe ta ga sabon mai haya sai ya nema a buɗe. Alamarta daban ce: wasiƙa ba ta dawowa nan take, sai ta maƙale a layi, mailq ya nuna maka ita tana jira.

[Allo: wasiƙa ta shiga Gmail, an danna ɗigo uku, an buɗe asalin saƙon]

Bayan gyara a ɗan saurara, don sabobin DNS na riƙe tsohuwar amsa na wani lokaci. A sake dig ɗin ta @8.8.8.8, in sabon suna ya fito a aika gwaji. Ga tamu ta shiga. SPF, DKIM, DMARC, duka ukun PASS. Idan taka ta shiga amma ta faɗa Spam, wannan wata matsala ce daban. Wataƙila wanda ya riƙe adireshin kafin kai ya ɓata masa suna. Sa lambar a shafin binciken Spamhaus ka gani, in tana ciki ka nemi a cire ta, ko ka ce wa kamfanin ya canza maka wata, sannan ka sake sa PTR a kan sabuwar.