Motocin Birtaniya da Suka Zama Taurari: Daga James Bond Zuwa Mawaƙan Rok

Masu kallo, ku dubi wannan mota mai launin azurfa da ke hawan hanyar duwatsun Suwizalan. Sunanta Aston Martin DB5, kuma tun da ta bayyana a fim ɗin Goldfinger na shekarar 1964, da Sean Connery riƙe da sitiyari a matsayin James Bond, da wuya a ambaci motar fim ba a fara da ita ba. Kamfanin da ya ƙera ta ɗan ƙarami ne a lokacin, ma'aikatarsa tana garin Newport Pagnell na Ingila, inda ake buga bodin mota da hannu, kuma duk DB5 da aka yi tsakanin 1963 da 1965 ba su wuce dubu ɗaya da 'yan kai ba. Kamfani irin wannan ba shi da kuɗin da zai yi tallar da za ta kai ko'ina a duniya. Fim ne ya yi masa ita.

Haruffan DB na sunan David Brown ne, attajirin da ya sayi kamfanin a 1947. A littafin da Ian Fleming ya rubuta, wata tsohuwar samfurin Aston Martin ce Bond yake tuƙawa, amma masu shirya fim suka nemi sabuwa, sannan Ken Adam, mai tsara dandalin fim ɗin, da John Stears, gwanin haɗa dabarun fim, suka cika ta da dabaru: bindigogi biyu da ke ɓoye a gaba, lambar mota mai juyawa ta sauya ƙasa, allon ƙarfe da ke tasowa a baya don tare harsashi, da kujerar fasinja wadda ke cilla mutum waje ta rufin motar idan aka danna ɗan jan maɓallin da ke kan giya. Wannan maɓalli, a ganina, ya fi injin motar mai silinda shida yi mata suna, domin shi ne abin da yara suka riƙe, musamman bayan da kamfanin Corgi ya fitar da ƙaramar motar wasa mai irin wannan kujera a 1965.

Kafin a kai nan, akwai tushe. Bayan yaƙin duniya na biyu, Birtaniya tana fama da bashi, ƙarfe kuma ya yi ƙaranci, don haka gwamnati ta fi ba da shi ga kamfanonin da ke sayar da kaya a waje. Sojojin Amurka da suka zauna a Ingila sun riga sun ɗanɗana ƙananan motocin MG masu kujera biyu da buɗaɗɗen rufi, sai kasuwar Amurka ta buɗe wa MG da Triumph da Austin-Healey da Jaguar.

Wadda ta fi ɗaukar ido a cikinsu ita ce Jaguar E-Type, da aka nuna a baje kolin motoci na Geneva a watan Maris na 1961. Malcolm Sayer, wanda ya tsara siffarta, daga masana'antar jiragen sama ya fito, shi ya sa dogon hancinta yake kamar an yi shi don ya tsaga iska kawai. An ce tana kai mil 150 a awa, farashinta kuma ya ɗan haura fam dubu biyu, ƙasa ƙwarai da na Ferrari ko Aston Martin. Jama'a sun yi mata cincirindo har sai da aka umarci direban gwaji Norman Dewis ya tuƙo ta biyu cikin dare daga Coventry zuwa Geneva. Wannan farin jini ya sa Jaguar ta yi sake: lokacin da masu shirin talabijin na The Saint suka nemi E-Type don Roger Moore, ba su samu ba, sai suka koma ga Volvo P1800 ta Suwidin, wadda ta ci moriyar shirin shekara da shekaru.

A daidai wannan zamani ne samarin da suka taso a gidaje masu matsakaicin hali suka wayi gari da kuɗi ta hanyar kiɗan rok. Rolls-Royce mota ce da direba ke jan mai gida, ita kuwa motar gudu mai ita ne ke tuƙa abarsa, kuma hakan ya dace da matashin da ke son a gan shi. George Harrison na ƙungiyar Beatles ya mallaki E-Type da kuma DB5. Paul McCartney, shi ma na Beatles, ya sayi DB5 a 1964, daga baya ya ƙara da DB6, kuma a mota ne, yana kan hanyar zuwa gaida ɗan abokin kiɗansa John Lennon a 1968, waƙar Hey Jude ta fara zo masa. Mick Jagger na Rolling Stones shi ma DB6 ya hau, har ya yi karo da ita a Landan a 1966. A Amurka kuwa, inda ake kiran E-Type da XK-E, mawaƙa Jan da Dean sun sanya ta a waƙarsu Dead Man's Curve tana tsere da Corvette, motar gudu ta Amurka.

Kamfanin Lotus ya koyi darasin Aston Martin. Jami'in hulɗa da jama'a na kamfanin ya ajiye sabuwar Esprit a harabar ɗakin shirya finafinai na Pinewood domin masu fim su gan ta, dabarar kuma ta ci. A fim ɗin Bond mai suna The Spy Who Loved Me na 1977, farar Esprit ta faɗa teku a Sardiniya ta rikiɗe ta zama jirgin ƙarƙashin ruwa. Wadda aka yi aikin ruwan da ita, Elon Musk ne ya saye ta a gwanjo a 2013.

Sai dai farin jinin allo bai hana masana'antun durƙushewa ba. Dokokin hayaƙi da na kare lafiya a Amurka sun tilasta a rage ƙarfin injina, aka kuma liƙa wa motar MGB ta kamfanin MG manyan bambobin roba da suka ɓata mata kyau, ga yajin aiki da rashin ingancin aiki a ƙarƙashin British Leyland, babban kamfanin da ya haɗe MG da Triumph da Jaguar. An daina E-Type a tsakiyar shekarun 1970, aka rufe ma'aikatar MG ta Abingdon a 1980. Ita DB5 ta sake fitowa a Skyfall a 2012, sannan a 2020 Aston Martin ta fara miƙa wa masu saye sababbin DB5 guda 25 da aka ƙera a Newport Pagnell, da lamba mai juyawa da bindigogin kwaikwayo, kowace a kan fam miliyan 2.75 ban da haraji, alhali doka ba ta yarda a hau titi da su ba.