Bermondsey Bayan Yaƙi: Wa Ke Riƙe da Lafiyar Unguwa?

Assalamu alaikum, masu kallonmu. Wannan da kuke gani taswirar birnin Landan ce. Ku bi kogin Thames da ido har ku iso gadar Tower, sannan ku ƙetara zuwa kudu. To, nan ne Bermondsey. Daga 1900 zuwa 1965 ƙaramar hukuma ce mai zaman kanta, ɗaya daga cikin 28 da ke ƙarƙashin babbar majalisar Landan. Yau za mu ga yadda aka kula da lafiyar mutanenta bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da abin da suka samu, da kuma abin da ya kufce musu a hanya.

Unguwar talakawa ce, masu ci da gumi. Maza na dako a tashar jiragen ruwa, suna sauke katako da man shanu da nama da ganyen shayi. Mata na aiki a masana'antun biskit da na abincin gwangwani. Ga majema birjik, domin tun zamanin da an san Bermondsey da sana'ar fata, kuma duk wanda ya taɓa wucewa ta majema ya san abin da hanci ke sha. Iyali guda a ɗaki ɗaya ko biyu, bango na tsattsafo da danshi, masai ɗaya a bayan gida ana layi. A irin wannan muhalli tarin fuka ba ya neman izini.

Amma kafin yaƙi, wannan matalauciyar unguwa ta yi abin da ya ba Ingila mamaki. Akwai wani likita, Alfred Salter, da matarsa Ada. Suna da halin su zauna a unguwar masu kuɗi, suka zaɓi zama cikin talakawa, har 'yarsu tilo, Joyce, ta rasu a 1910 tana da shekara takwas, sakamakon wani zazzaɓi mai jan ƙuraje da ke yawo a lungunan. Ba su tashi ba. A 1922 Ada ta zama magajiyar garin Bermondsey, mace ta farko da ta riƙe irin wannan kujera a Landan, shi kuma mijin ya tafi majalisar dokoki. Daga nan ƙaramar hukumar ta duƙufa. Ta dasa dubban itatuwa a tituna. A 1926 ta buɗe ɗakin gasa jiki da fitilu masu haske irin na rana, saboda masu tarin fuka da yaran da ƙafafunsu ke lanƙwashewa don rashin rana da abinci mai gina jiki. Ta riƙa tura wasu marasa lafiya har Leysin a ƙasar Suwizalan su sha iskar duwatsu. Ta shirya finafinanta na wayar da kai, motar majigi na shiga lungu da dare ana haskawa yara da manya yadda ake wanke hannu da kula da haƙori. A 1936 kuma ta buɗe babbar cibiyar lafiya a titin Grange Road: awon ciki, awon jarirai, hoton ƙirji, duba masu tarin fuka, duk a rufi ɗaya, duk a hannun likitan gari guda, wanda shi ne kuma shugaban duba-gari.

Ku riƙe wannan, domin a kansa labarin yake. Mutumin da ya ga jariri yana tari a asibiti, shi ne mai ikon tura duba-gari ya je ya ga ɗakin da jaririn ke kwana.

Sai yaƙi ya zo. Ranar 7 ga Satumba 1940 jiragen Jamus suka yi wa tashar jiragen ruwa ta Surrey ruwan bama-bamai, katakon da aka jibge ya kama da wuta, unguwar Rotherhithe ta kwana cikin harshen wuta. Aka yi ta yi har 1945, daga ƙarshe da rokoki. A ƙidayar 1931 mutanen Bermondsey sun haura dubu 110. A ta 1951 sun dawo wajen dubu 60. Wasu sun mutu, da yawa sun yi ƙaura ba su dawo ba, domin babu gidan da za su dawo.

Waɗanda suka rage fa? Ku dubi waɗannan hotuna. Gida a tsaye, na kusa da shi kango. Rufi ya tsage an lulluɓe shi da tamfol. Bututun ƙazanta na ƙarƙashin ƙasa ya fashe, ɓeraye sun sami hanyar fitowa. Cikin kangaye ruwa ya kwanta, an mai da su bola, yara kuma nan ne filin wasansu. Ga hunturun farkon 1947, wanda aka daɗe ba a ga irinsa ba, kwal ya yi ƙaranci, famfuna suka daskare suka farfashe. Abinci kuwa da kati ake sayensa. Ko burodi, da ba a taƙaita shi ba lokacin yaƙi, an taƙaita shi daga 1946 zuwa 1948, kuma ba a daina rabon abinci da kati gaba ɗaya ba sai 1954.

A nan duba-gari ya zama ginshiƙi. Mu ma mun san shi, domin tsarin nan ne Turawan mulkin mallaka suka kawo mana, har iyayenmu ke ba da labarin yadda ake rufe randa a share tsakar gida idan an ji yana tafe. Na Bermondsey aikinsa ya fi karkata ga mai gidan haya. Matar gida za ta je ofis ta kai ƙara cewa ruwa na zuba a kan gadon 'ya'yanta. Duba-gari ya zo da littafinsa, ya hau bene, ya taɓa bango, ya leƙa masai, ya rubuta takardar gargaɗi ga mai gida. Idan ya ƙi, a ba shi ta doka mai wa'adi. Idan ya sake ƙi, kotu. Sai dai sau da yawa mai gidan zai ce babu katako, babu lasisin gyara, yana jiran diyyar yaƙi daga gwamnati, kuma a wasu lokutan gaskiya yake faɗa. Haka za a yi ta zarya wata da watanni a kan rufi ɗaya. Wasu duba-garin kuma a bakin ruwa suke wuni, suna buɗe akwatunan abincin da aka sauke, suna ware wanda ya lalace kafin ya shiga kasuwa, kuma abin da ke bi ta hannunsu ba Bermondsey kaɗai ke ci ba, Landan ce baki ɗaya. Akwai masu feshin kuɗin cizo, da masu farautar ɓeraye, da gidan wanka na hukuma inda ake kai masu ƙazwa da kwarkwata, a yi musu magani, a turara kayan shimfiɗarsu da tururi mai zafi.

Ana cikin haka, ranar 5 ga Yuli 1948, aka ƙaddamar da hukumar lafiya ta ƙasa, NHS, a ƙarƙashin minista Aneurin Bevan. Ganin likita kyauta, asibiti kyauta, magani kyauta, ga kowa. Kada wanda ya rena wannan. Kafin ranar, inshorar gwamnati ma'aikaci ta rufe, ba ta haɗa da matarsa da ke gida da 'ya'yansa ba. Uwa takan danne ciwonta shekara da shekaru don kuɗin likita na nufin kwana da yunwa. Da ƙofa ta buɗe, sai ga mutane da cututtukan da suka daɗe suna ɓoyewa, ga masu neman tabarau da haƙoran roba, har abin ya fi ƙarfin lissafin gwamnati. A 1951 aka sa kuɗi a kan tabarau da haƙora, Bevan ya ajiye muƙaminsa, a 1952 kuma aka sa sule ɗaya a kan takardar magani.

To amma ga inda gizo ke saƙa. Dokar da ta kafa NHS ta raba aikin lafiya gida uku. Asibitoci, har da St Olave's da ke cikin Bermondsey, da asibitocin tarin fuka, suka koma hannun hukumomin yanki da minista ke naɗawa. Likitocin unguwa suka tsaya da ƙafarsu a matsayin 'yan kwangila. Awon ciki, awon jarirai, riga-kafi da jami'an da ke bin gida-gida kuwa, a Landan aka damƙa su ga babbar majalisar birni, wadda ta yanka Landan shiyya tara. Herbert Morrison, wanda ya taɓa jagorantar majalisar Landan, ya yi jayayya a majalisar ministoci cewa a bar asibitoci a hannun hukumomin da jama'a suka zaɓa. Bai yi nasara ba.

Me ya rage wa Bermondsey? Magudanan ruwa, gidaje, abinci, ɓeraye, hayaƙi, da rajistar cututtuka masu yaɗuwa. Ginin Grange Road na nan, ma'aikata na shiga suna fita, amma yanzu iyayen gidansu daban-daban ne. A ganina wannan asara ce ta gaske, kuma ba a cika faɗinta ba idan ana yabon 1948. Ga yawancin Birtaniya, inda ƙananan hukumomi ba su taɓuka abin kirki ba, sabon tsarin ɗaukaka ne. Ga Bermondsey, wadda ta riga ta haɗa magani da riga-kafi da gyaran gida a hannu ɗaya, an warware igiyar da aka yi shekara ashirin ana tufkawa. Mai tarin fuka yanzu likitansa na ƙarƙashin wata hukuma, mai ziyartar iyalinsa na wata, mai iya sama masa ɗaki marar danshi na wata. Wasiƙu suka maye gurbin magana baki da baki. Dokar ta yi alkawarin cibiyoyin lafiya da za su sake haɗa kowa wuri guda, amma kuɗi da kayan gini suka yi ƙaranci, likitoci da dama ba sa so. Ta Woodberry Down a arewacin Landan, da aka buɗe a 1952, ta daɗe kusan ita kaɗai.

Duk da haka yara sun rayu, kuma dole a faɗa. Ku dubi wannan matar mai jaka a hannu tana ƙwanƙwasa ƙofa. Nas ce da aka ƙara wa horo. Da zarar an haihu, ungozoma ta gama nata, sunan jariri zai iso teburinta. Ta zo ta duba cibiya, ta tambayi shayarwa, ta kalli inda ake kwantar da shi, ta ce wa uwar ta kawo shi awo. A wurin awo a ɗora shi a sikeli, a rubuta a kati, a ba uwar kwalbar ruwan lemo mai kauri da man hantar kifi da gwangwanin madarar gari. Idan ba ta zo ba, a koma mata. A makaranta kuma, tun 1946, kowane yaro na da 'yar kwalbar madara kyauta kullum. Wannan naci shi ya karya mashaƙo. A 1940 mutum fiye da dubu 61 suka kamu da shi a Birtaniya, 3,283 suka mutu, akasari yara. Allurar riga-kafinsa tana nan tun kafin lokacin, abin da ya ɓace shi ne kai ta ga kowane yaro. A 1957 mutum 38 suka kamu, shida suka mutu. Mace-macen jarirai a Ingila da Wales, da ya kai wajen 150 cikin dubu a 1900, ya sauko zuwa 34 a 1948, ya ci gaba da sauka.

Tarin fuka ma ya ja da baya. Motocin ɗaukar hoton ƙirji suka riƙa tsayawa a ƙofar masana'antu, gwajin maganin streptomycin ya fito a 1948, isoniazid ya biyo baya a 1952, a 1953 aka fara yi wa 'yan makaranta allurar BCG. Shan inna kuwa sai ya ɓullo da ƙarfi a 1947. Allurarsa ta iso a 1956, amma matasa suka yi ta jan ƙafa, sai da ɗan ƙwallon Ingila Jeff Hall ya mutu da cutar a 1959, matarsa ta fito ta yi kira, sannan layuka suka cika.

Saura maganar gurɓatar iska. Daga 5 zuwa 9 ga Disamba 1952 sanyi ya danne hayaƙin kwal a kan Landan, na murhun gidaje da na masana'antu da na tashoshin lantarki, ya haɗu da hazo ya ƙi tashi. Mutum ba ya ganin ƙafarsa. Motocin asibiti suka kasa fita. Lissafin farko ya ce mutum dubu huɗu suka mutu, binciken baya ya kai adadin wajen dubu 12, yawancinsu tsofaffi da masu ciwon ƙirji. Babu allurar da za ta hana wannan, kuma asibiti kyauta bai hana ba. Dokar tsabtace iska ta 1956 ƙananan hukumomi ta ba iko su ware yankunan da aka haramta hayaƙi, hukuma ta biya kashi 70 cikin ɗari na kuɗin sauya murhu. Wa zai shiga gida-gida ya duba murhu, ya lallashi tsohuwar da ta saba da wutar kwal tun tana yarinya? Duba-gari dai, da abin da aka bar masa a 1948.

A 1965 aka haɗe Bermondsey da Camberwell da Southwark suka zama ƙaramar hukuma ɗaya mai suna Southwark, kuma awon jarirai da ziyarar gida suka dawo hannun sabuwar hukumar. Ba su daɗe ba. A 1974 aka soke muƙamin likitan gari gaba ɗaya, aka mai da waɗannan ayyuka cikin NHS, duba-gari suka zauna a ƙaramar hukuma ba likita a kansu. Sai a Afrilun 2013 gwamnati ta sake mai da alhakin lafiyar al'umma ga ƙananan hukumomin Ingila, Southwark ta sami daraktan lafiyar jama'a, asibitoci da likitocin unguwa kuwa suka ci gaba da zama a nasu ɓangaren.