An kashe asusunsa da hantsi, me ya sa har la'asar yana karanta hirar ofis?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka.

Ga tambayar da ta yi ta yawo a zaurukan masu rubuta manhaja na Kano, kuna ganinta a allo. Kamfani ya sallami ma'aikaci. Mai kula da kwamfutoci ya shiga Active Directory, kundin ma'aikata na Microsoft, ya kashe asusunsa tun da hantsi. Amma har bayan la'asar saƙonnin zauren ofis suna ta faɗowa kan kwamfutar mutumin, yana karantawa hankali kwance. Wasu suka ce kutse ne. Wasu suka ɗora wa Microsoft laifi. Wani ma cewa ya yi sai an sake girka Windows. Malam, a bar Windows ya huta. Babu wanda ya yi kutse. Kowane ɓangare ya yi daidai abin da aka rubuta masa, kuma a nan matsalar take.

Bari mu yi sauri mu wuce abubuwa biyun da kowa ya sani, sannan mu zauna a gaɓar da ta haɗa su.

Na farko kundin ma'aikata. Wuri ɗaya ne da kamfani ke ajiye sunan kowa, sashensa, rukunonin da yake ciki, da ko asusunsa a buɗe yake ko a rufe. Maimakon manhajar albashi ta riƙe tata kalmar sirri, ta sito ta riƙe tata, imel ya riƙe tasa, duk sai su tambayi kundi. Ƙa'idar da ake magana da shi da ita sunanta LDAP. Ta fito a 1993, da hannun masana na Jami'ar Mishigan da ke Amurka, don sauƙaƙa tsohon tsarin X.500 mai nauyi. Siga ta uku, wadda ake amfani da ita har yau, ta zo a 1997. Active Directory kuwa tare da Windows 2000 ya zo. Masu son na kyauta suna da OpenLDAP. Waɗanda suka koma kan intanet suna da Microsoft Entra ID, wanda kafin 2023 ake kira Azure AD, shi kuma da ƙa'idojin shiga na OpenID Connect ko SAML ake yi masa magana.

Ku kalli yadda shiga take gudana. Mutum ya rubuta suna da kalmar sirri. Sabarmu, wato kwamfutar da manhajarmu ke aiki a kanta, ta nemo cikakken adireshinsa a cikin kundin, ga shi nan mai waƙafi-waƙafi. Sai ta sake haɗawa da kundin da sunansa da kalmar da ya bayar. Kundi ya ce na yarda, ko ban yarda ba. Shi ke nan. Ku bi ta tashar 636 mai ɓoye bayanai, ko ku kunna StartTLS, mai ɓoye bayanan shi ma, a kan tashar 389, kada kalmomin sirrin mutane su riƙa yawo tsirara a cikin netwok ɗin ofis.

Wani ɗan tsokaci kafin na manta. Idan aka tura suna ba tare da kalmar sirri ba, sabobi da yawa, har da Active Directory in ba a taɓa saitinsa ba, suna amsawa da nasara. Ba wai sun tabbatar da mutumin ba ne, sun karɓe shi a matsayin baƙon da ba a sani ba. Manhajar da ba ta lura ba sai ta buɗe masa ƙofa. Layi ɗaya ne ke toshe wannan: in akwatin kalmar sirri fanko ne, a kore shi tun kafin a je kundi.

Na biyu saƙon nan take. A da, shafi ne ke ta tambayar saba, akwai sabo? akwai sabo? kowane ɗan daƙiƙoƙi. Yanzu WebSocket ake yi, layi mai zama a buɗe tsakanin burawuza da saba, wanda aka kammala ƙa'idarsa a Disamban 2011. Burawuza ta aika buƙata irin ta kullum, ta ce a sauya mini layi. Saba ta amsa da lamba 101, wato ta yarda. Ga ta nan. Daga wannan lokacin layi ya buɗe, kowane ɓangare na iya turo magana duk sanda ya ga dama. Akwai kuma XMPP, wata ƙa'idar hira, wanda Jeremie Miller ya fara da sunan Jabber a 1999, kuma sabobinsa irin su Openfire da ejabberd suna iya karanta sunayen mutane kai tsaye daga LDAP. Ko wanne ka ɗauka, labarin da zan ba da ɗaya ne.

To, yanzu a gyara zama.

Ku ɗauki maigadin wata masana'anta a Sharaɗa. Shafin intanet na yau da kullum kamar ɗan aike ne da ke shiga yana fita. Duk dawowarsa sai ya bi ta bakin ƙofa ya nuna kati, don haka maigadi yana da damar cewa tsaya, an cire sunanka. Layin WebSocket kuwa mutum ne da ya nuna kati sau ɗaya da safe, ya shige ciki, ya samu kujera ya zauna. In an goge sunansa daga littafin bakin ƙofa da hantsi, wa zai je ya tashe shi? Littafi ba ya tafiya. Maigadi kuma ƙofa aka ba shi, ba a ce ya riƙa zagaya ofisoshi ba.

Ga shi a aikace. A hagu asusun gwaji ne, yana cikin zauren hira na sashen kuɗi. A dama Active Directory. Ku dubi wannan filin, userAccountControl, yana 512, wato asusu lafiyayye. Na kashe shi. Ya koma 514. Yanzu na turo saƙo zauren daga wani asusun. Ku kalli hagu. Ya iso. Na sake turowa. Ya iso. Kundin bai yi kuskure ba, babu wanda ya tambaye shi komai tun lokacin da aka ba da 101.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne suna ɗauka kashe asusu kamar kashe makunnin wuta ne, da ka danna ko'ina ya yi duhu. A gaskiya agoguna uku ne ke tsakanin dannawarka da yankewar mutumin, kuma kowanne yana tafiyarsa daban.

Agogon farko na kwafe bayanai ne. Idan kundinku na cikin ofis ne amma shiga ta Entra ID ake yi, manhajar Entra Connect a saitinta na asali duk bayan minti 30 take kai sauye-sauye. Ka kashe asusu yanzu, can sama ba lallai su sani ba sai zagaye na gaba.

Na biyu tikitin shiga. Bayan an tabbatar da mutum, ana ba shi tikiti mai sa hannu, yawanci JWT, da lokacin ƙarewa a rubuce a cikinsa. Sabar da ta karɓi tikitin sa hannun kawai take dubawa da lokacin, ba ta komawa kundi. Tikitin Entra ID yakan rayu tsakanin minti 60 zuwa 90. Na ga manhajojin gida da aka ba tikitinsu wata guda, wai don kada oga ya riƙa ƙorafin ana yawan tambayarsa kalmar sirri. Allah ya kyauta.

Na uku shi ne layin kansa, kuma shi ba shi da ƙarshe. Ƙa'idar WebSocket ba ta ce a sake duba kowa ba bayan an buɗe. Tikiti zai iya mutuwa ƙarfe goma sha ɗaya, layi ya ci gaba da aiki har dare. Abin dariyar ma, mu da kanmu muke raya shi. Nginx, da ake sawa a gaban saba yana miƙa mata buƙatu, a saitinsa na asali yana yanke layin da ya yi daƙiƙa 60 shiru, sai muka sa ake tura ɗan bugun ina nan, ina nan. Socket.IO, kayan aikin rubuta irin wannan hirar, duk daƙiƙa 25 yake tura nasa. Mun yi ƙoƙari sosai wajen ganin layi bai mutu ba, ba mu rubuta yadda za a kashe shi da gangan ba.

Wani zai ce ai a garin nan layi ba ya daɗewa. Gaskiya ne. Wanda ke cikin adaidaita daga Kantin Kwari zuwa Bompai, sabis zai ɗauke masa ya dawo ba adadi, kuma raunin sabis ɗin nan ya rufa wa manhajoji da yawa asiri. Amma ku lura da abin da ke faruwa in ya dawo: manhaja ta sake haɗawa da tsohon tikitin nan. In bai mutu ba, ya shige. Wanda kuma ke zaune a gida da sola da intanet mai ƙarfi, shafinsa a buɗe, shi sai ranar da ya ga dama.

Kuma sallama ma ba ita ce ta fi yawa ba. Sauyin sashe ya fi ta. An ɗauke akawu daga sashen kuɗi an mayar da shi sito. Asusunsa na nan da rai, rukuni kawai aka cire shi. Amma manhajar ta karanta jerin rukunoninsa sau ɗaya lokacin shiga, wannan filin memberOf da kuke gani, ta sa shi a zauruka, ba ta sake dubawa ba. Yana sito yana ganin maganar albashin mutane. A ganina wannan ya fi na wanda aka sallama haɗari, domin babu mai tunanin ya bincika. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 kuma a wuyan kamfani ta ɗora tsare bayanan mutanen da yake riƙe da su, har da na ma'aikatansa.

Gyaran da ke fara zuwa wa mutum a rai shi ne a tambayi kundi a kan kowane saƙo. Kada ku yi. Zaure mai mutum ɗari, saƙo ɗaya ya zama tambaya ɗari. Kundin nan kuma shi ne kowa ke bi ya buɗe kwamfutarsa da safe. Ka durƙusar da shi, ka tsayar da ofis gaba ɗaya saboda wani ya turo barka da Juma'a.

Ga abin da ke aiki. Da farko saba ta san wa ke kan wane layi. Tebur ne ɗan ƙarami: wannan mutumin, layukansa uku, waya da kwamfuta da wani shafin da ya manta a buɗe. Ku ɗaure teburin da lambar da ba ta sauyawa, a Active Directory objectGUID ke nan. Sunan shiga yana sauyawa, a gyara rubutun suna ko a ba sabon ma'aikaci sunan wanda ya tafi.

Sannan kowane layi a ɗaura masa wa'adi. Lokacin da aka buɗe shi, saba ta karanta lokacin mutuwar tikiti ta saita agogo. Kafin ya cika, manhajar da ke hannun mutum ta nemo sabon tikiti ta miƙo ta cikin layin. Sabo ya zo, a sake karanta rukunoni, a cire shi daga zauren da ba nasa ba. Bai zo ba, a yanke. Wannan kaɗai ya mayar da har abada zuwa tsawon ran tikiti, kuma tikitin gajere za ku yi. Minti goma ko sha biyar ya wadatar, tunda sabuntawar a ɓoye take, oga ba zai ma sani ba.

In kuna son yankewa cikin gaggawa, sai labari ya taso daga ɓangaren kundi. Hanyoyi suna nan a allo. SCIM, tsarin musayar bayanan asusu wanda sigarsa ta biyu ta fito a 2015, yana ba mai kula da shiga irin Entra ID damar gaya wa manhajarku cewa wannan asusun ya daina aiki, sai dai shi ma zagaye yake yi, ku duba tazararsa. OpenID Connect yana da hanyar sanar da fita daga saba zuwa saba, kuma Keycloak, wata manhajar kula da shiga, na iya yin ta. In Active Directory ne tsagwaronsa a cikin ofis, ƙaramin shiri ya isa: duk minti ɗaya ya tambayi abin da ya sauya tun lambar uSNChanged ta ƙarshe, wato lambar da kundi ke ƙarawa duk sanda aka sauya wani abu. Tambaya ɗaya a minti, ba ɗari a kowane saƙo ba. Ku tuna lambar nan ta kowace sabar kundi daban ce, don haka ku tsaya a kan guda.

Sabobin hira sun fi ɗaya? To wadda ta ji labari ta shelanta wa sauran, manhajar Redis tana isar da irin wannan shela cikin sauƙi, kowacce ta duba teburinta ta yanke nata.

Saura abu ɗaya da ake yawan tsallakewa. In ka yanke layi haka kawai, manhajar mutumin za ta ɗauka sabis ne ya ɗauke, ta yi ta ƙoƙarin dawowa. Ƙa'idar WebSocket ta ware lambobin rufewa daga 4000 zuwa 4999 don amfanin kanku. Ku zaɓi ɗaya, ni 4001 na sa, ma'anarta an kore ka, kada ka dawo. Manhaja ta ga wannan lambar ta goge tikiti, ta share hirar da ke allo, ta koma shafin shiga. Amma kada ku dogara da ladabin manhajar, wanda ya san hanya zai iya sauya ta. Ita ma saba ta riƙe jerin waɗanda aka kora, ta ƙi tsohon tikitinsu ko da lokacinsa bai cika ba.

Mu sake gwadawa da gyaran. Asusun gwaji yana cikin zauren sashen kuɗi. Wannan karon ba zan kashe shi ba, rukunin kawai zan cire shi. Na cire. Mu ɗan jira zagayen minti ɗayan, zan gaggauta hoton. Ga shi, zauren kuɗi ya ɓace daga jerinsa, zauren kowa da kowa yana nan, yana iya rubutu a ciki. Yanzu na kashe asusun, 514. Jira kaɗan. Lamba 4001, shafin shiga. Na ɗauko tsohon tikitin na gwada haɗawa da hannu, saba ta ƙi.

Abin da ya riga ya sauka a wayar mutum, ko ya ɗauki hotonsa, babu lambar da za ta dawo da shi. Wannan sai dai tsarin kula da wayoyin ofis, kuma bidiyo ne na daban. Sai mun haɗu.