An ɗauke ka aiki, amma a wane mataki?

ZAINAB: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ina tare da Injiniya Bello, wanda ya shafe shekaru yana yi wa masu neman aikin rubuta manhaja intabiyu, sai kuma Nura, wanda bai daɗe da fitowa daga cikin wannan wutar ba. Nura, har yanzu da sauran zafi?

NURA: Wallahi da saura, Zainab. Wata uku na yi ina kwana ina tashi a LeetCode, shafin da ake gwajin warware tambayoyin kod, har mafarkin algoridim, wato matakan warware matsala, nake yi. Ranar intabiyu, ɓangaren rubuta kod, wato umarnin da ake gina manhaja da shi, ya tafi sumul. Bayan mako biyu sai ga waya, wai an ɗauke ni, amma mataki ɗaya ƙasa da wanda na nema. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba.

BELLO: Kada ma ka faɗa. Abin da ya same ka yana samun mutane da yawa. Mai neman babban muƙami yana shiga da tunanin ko ya ci ko ya faɗi, alhali su masu tambayar hukunci biyu ne a gabansu: a ɗauke shi? In an ɗauke shi, a ajiye shi a ina?

ZAINAB: Injiniya, ɗan warware mana wannan maganar mataki, don masu sauraro.

BELLO: A Google, wanda ya fito daga jami'a yana farawa ne a L3, babban injiniya kuma L5 ne. A Meta suna ce masa E5. A Amazon L6 ne. Lambobin sun bambanta, amma abin da ake nema kusan ɗaya ne: mutumin da za a miƙa wa matsalar da ba ta da kai ba ta da gindi, ya gyara mata zama, ya ja wasu injiniyoyi su gama ta ba tare da an tsaya a kansa ba.

NURA: Ni kuma na tafi ne don in nuna musu na iya kod.

BELLO: Kod ɗin ƙofa ce kawai, in ba ka wuce ta ba babu zancen komai. Ka tuna Max Howell, wanda ya ƙirƙiro Homebrew, manhajar da ake girka wasu manhajoji da ita a kwamfutar Mac? A 2015 ya fito ya ce Google ba su ɗauke shi ba saboda ya kasa juya bishiyar bayanai, wato bayanan da aka jera reshe-reshe, a kan allo, ga shi kuwa injiniyoyi da yawa da manhajarsa suke aiki. An yi ta ce-ce-ku-ce, amma har gobe ana yin irin waɗannan tambayoyin. Minti 45 za a ba ka, a Meta ma galibi matsala biyu za ka warware a ciki. Sai dai wannan ɓangaren ba kasafai yake ɗaga mutum zuwa babban mataki ba. Ɗan shekara biyu a aiki ma zai iya fin ka sauri.

ZAINAB: To ina ake yanke hukuncin?

BELLO: A zagayen zana tsari, inda ake sa ka tsara yadda sassan babbar manhaja za su yi aiki tare. Nura, me aka tambaye ka?

NURA: Cewa aka yi in tsara hanyar da manhaja za ta riƙa tura wa mutane sanarwa a waya. Yana rufe baki na ɗauki alƙalami. Akwati nan, kibiya can, ga sabar, wato kwamfutar da ke gudanar da aikin, ga rumbun bayanai, ga layin jiran saƙonni. Minti goma ban ɗago kai ba. Da na juyo, sai na ga mutumin ya naɗe hannu yana kallona. Ya ce, "Mutum nawa za su yi amfani da wannan?" Na yi tsuru-tsuru, don ban tambaya ba.

BELLO: To ka ga inda gizo ke saƙar. Da gangan ake barin tambayar a buɗe. Ƙaramin injiniya yana jira a faɗa masa abin da zai gina, babba kuwa shi ke tono abin da ba a faɗa ba. Da ni ne, minti biyar na farko tambaya kawai zan yi. Saƙo nawa a rana? A ce miliyan 100. Rana tana da daƙiƙa 86,400, ka ga kusan saƙo 1,160 ke nan a kowace daƙiƙa, kuma lokacin cunkoso zai ninka haka. Wannan ɗan lissafin kaɗai ya nuna maka girman abin da za ka gina. Sai in ce, wane irin saƙo ne? In lambar sirri ce ta shiga asusu, jinkirin minti biyu ya kashe ta. In talla ce, ko bayan awa ɗaya ta isa babu wanda zai yi kuka. Ka ga ba za su bi layi ɗaya ba.

ZAINAB: Ashe tun kafin a zana akwati ko ɗaya an fara ba da maki.

BELLO: Ƙwarai. Sannan a zo kan abin da zai lalace, don dole wani abu ya lalace. Sabar ta tura saƙo, ta mutu kafin ta rubuta cewa ta tura. In ta tashi ta sake turawa, mutum ya sami saƙo biyu. In ba ta sake ba, wataƙila bai sami ko ɗaya ba. Wanne ka zaɓa, kuma me ya sa? Ni ba na neman amsar da ke cikin littafi. So nake in ji ka ce, na zaɓi in sake turawa, amma zan liƙa wa kowane saƙo lamba ta musamman yadda za a gane maimaici a watsar, ga kuma abin da hakan zai ci mini. Wanda ya taɓa tashi ƙarfe uku na dare saboda tsari ya faɗi, daga maganarsa ake ganewa.

NURA: Abin haushin, na sha yin wannan tashin daren. Ban dai faɗa ba.

ZAINAB: Sai kuma zagayen tambayar halayya, wanda na ji mutane na rainawa.

NURA: Ɗan hakin da ka raina ke nan. Ko minti talatin ban ba shi ba wajen shiri. Aka ce in ba da labarin wani aiki mai wuya da na jagoranta, sai na yi ta cewa mun yi kaza, mun gyara kaza. Matar ta katse ni har sau biyu tana cewa, "Kai me ka yi?" Ni kuma nauyin yabon kaina nake ji.

BELLO: Ba yabon kai ba ne, shaida ce. Wadda ta tambaye ka rahoto za ta rubuta, kuma a Google kwamitin da bai taɓa ganin fuskarka ba ne yake karanta irin wannan rahoton. In babu abin da kai ka yanke da kanka a ciki, da me za su auna ka? A Amazon ma abin ya fi tsanani. Suna da ƙa'idojin jagoranci 16, ana raba wa masu tambaya su, kowa da waɗanda zai bincika. Akwai kuma wani da suke kira Bar Raiser, daga wani sashe daban yake zuwa, kuma in bai yarda ba ba a ɗauka. Shi ya sa nake cewa mutum ya zauna ya rubuta labarai shida ko bakwai daga aikinsa: lokacin da ya saɓa da manajansa, lokacin da ya yi kuskuren da ya jawo asara, lokacin da ya ɗaga wani ƙarami. Na kuskuren nan ya zama na gaske. Da zarar ka kawo na ƙarya, tambaya ta uku za ta tona ka.

ZAINAB: Wanda aka riga aka saukar kamar Nura fa, bakin alƙalami ya bushe?

BELLO: Ba lallai ba. Ya yi maganar mataki kafin maganar kuɗi, don albashi da hannun jari duk a kan matakin aka ɗora su. Zai iya tambayar jami'in ɗaukar ma'aikata wane zagaye ne ya ja shi ƙasa, wani lokaci ma a yarda ya sake shi. Kuma ya duba yadda hannun jarin ke shigowa hannu. Na Amazon a shekara huɗu ne: kashi 5 cikin ɗari a ta farko, 15 a ta biyu, sai 40 da 40. Wanda ya tafi bayan shekara biyu kashi 20 kawai ya kwasa.

ZAINAB: Nura, ka karɓa ko ka ƙi?

NURA: Na roƙi a sake mini zagayen zana tsarin, sun ce za su duba. Ranar Alhamis nake jiran amsa.

BELLO: To kafin Alhamis ɗin ka zo mu yi gwaji. Kuma alƙalamin a hannuna zai zauna sai ka yi mini tambaya biyar.