Lauyan sa-kai: yadda aikin yake tafiya da inda yake lalacewa

Kusan mutum ɗaya cikin uku na waɗanda ke tsare a gidajen yari a duniya ba a yanke masa hukunci ba, jiran shari'a yake yi. Da yawansu abin da suka rasa shi ne wanda zai tsaya gaban alƙali ya nema musu beli. Rubuta takardar neman beli aikin 'yan awoyi ne a wurin lauya, amma rashinta kan sa mutum ya share watanni a tsare, aikinsa ya tafi, iyalinsa su shiga wani hali.

Wannan giɓin ne lauyan sa-kai ke cikewa. Lauyoyi na kiran aikin da sunan Latin, pro bono, wato aiki don amfanin jama'a. Ƙungiyar Lauyoyin Amurka ta shawarci kowane lauya ya ba da aƙalla awa 50 a shekara kyauta, kuma a 2012 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idojin ba da taimakon lauya a shari'un laifi.

A zaman farko, ƙwararren lauya da kwanan wata yake farawa. Yaushe aka kore ka daga aiki? Yaushe aka ba ka sammaci? Yaushe aka yanke hukuncin? Dalili kuwa, shigar da ƙara na da wa'adi, na ɗaukaka ƙara ma ya fi gajarta. Sau da yawa mai gaskiya ya zo da hujja cikakkiya, amma lokaci ya riga ya wuce. Saboda haka idan kai ne mai nema, ka zo da wuri, ka kawo kowace takarda, har saƙonnin waya, ka ba da kwafi ka riƙe na asali.

Daga nan lauya zai bincika ko shi ko ofishinsa suna da alaƙa da ɗaya ɓangaren. In akwai, dole ya miƙa ka ga wani.

Sai yarjejeniya a rubuce, kuma nan ne aka fi sakaci. Mutane kan ji "kyauta" su ɗauka komai an ɗauke musu. Abin da lauya ya yafe kuɗin aikinsa ne. Kuɗin shigar da ƙara, na kai sammaci, na kwafin hukunci da na motar shaidu suna nan, sai dai in kotu ta yafe ko wata ƙungiya ta biya. Takardar ta faɗi wanda zai biya su, ta kuma faɗi iyakar aikin: shawara ce kawai, ko rubuta wasiƙa, ko tsayawa har ƙarshen shari'a, da kuma ko ɗaukaka ƙara na ciki. Wasiƙar ma ba ƙaramin abu ba ce. Rikicin albashin da aka riƙe ko na haya yakan mutu da wasiƙa ɗaya daga ofishin lauya, ba a je kotu ba.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne fayil ɗin da ake turawa ƙasan tebur saboda ba ya kawo kuɗi. Lauya ya ƙi zuwa zama, a ɗage, a sake ɗagewa, wani lokacin a kori ƙarar gaba ɗaya. Ƙa'idar aiki ba ta bambanta mai biya da wanda bai biya ba: riƙe sirri ɗaya ne, ƙwarewar da ake buƙata ɗaya ce. Lauyan kamfanoni da ya karɓi shari'ar laifi ya nemi wanda ya saba da ita ya riƙa duba masa. Wanda aiki ya yi wa yawa kuma ba ya ɓacewa haka kawai. Zai sanar da wanda yake wakilta a rubuce, ya nemi izinin kotu inda doka ta buƙaci haka, sannan ya miƙa fayil ɗin ga lauyan da zai gaje shi tare da ranar zama na gaba.