Munafukin Mai Zargi, Gaskiyar Zargi: Yadda Ake Auna Maganar Lalata a Harkar Fim da Waƙa

Assalamu alaikum jama'a. Duk ranar da labari ya ɓulla cewa wata jaruma ta zargi furodusa ko mawaƙi da neman ta da lalata, ku saurari majalisun Sakkwato, daga Mabera har Runjin Sambo. Magana biyu ce take yawo. Wasu su ce, "Ita ma wa bai san halinta ba?" Wasu su ce, "Ai 'yan fim duk haka suke, ya aikata." Dukansu sun yanke hukunci, babu wanda ya ga hujja. Yau za mu raba abu biyu da ake cakuɗawa: halin mai magana, da gaskiyar abin da ya faɗa.

Ranar 5 ga Oktoba 2017 jaridar New York Times ta buga binciken Jodi Kantor da Megan Twohey kan Harvey Weinstein, ɗaya daga cikin gaggan furodusoshin Hollywood. Bayan kwana biyar mujallar New Yorker ta fito da na Ronan Farrow. Daga nan mata sama da 80 suka fito. Wannan mutumin, a watan Janairun shekarar, an gan shi cikin tattakin kare haƙƙin mata. A bayan fage kuwa, jaridar ta gano ya biya aƙalla mata takwas kuɗin sasanci, daga baya kuma New Yorker ta bayyana cewa an ɗauko masa kamfanin leƙen asiri na Black Cube don tono asirin masu zarginsa da 'yan jaridar da ke bin sawunsa.

To, waɗanda suka taso masa fa? Eric Schneiderman, babban lauyan jihar New York, ya maka kamfanin Weinstein a kotu a Fabrairun 2018. A watan Mayu shi ma ya yi murabus, bayan mata huɗu sun zarge shi da duka da cin zarafi. Les Moonves, shugaban gidan talabijin na CBS, yana cikin kwamitin da aka kafa don kawar da wannan ɗabi'a a masana'antar, sai ga shi ya sauka a Satumbar 2018 kan irin wannan zargi. Ƙungiyar Time's Up, wadda taurari suka kafa a 2018 don tallafa wa mata, shugabanninta biyu sun ajiye aiki a 2021 da aka gano sun ba ɓangaren gwamnan New York, Andrew Cuomo, shawara a lokacin da mata ke zarginsa. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani.

Amma wadda ta fi rikita mutane ita ce Asia Argento, jarumar Italiya. Tana cikin waɗanda suka fara magana da Farrow, kuma ta tsaya a bikin fina-finai na Cannes a Faransa a Mayun 2018 ta maimaita zarginta a bainar jama'a. Bayan wata uku sai New York Times ta ruwaito cewa ta amince ta biya wani matashin ɗan wasa dala 380,000, wanda ya ce ta yi lalata da shi a otal a California a 2013 yana ɗan shekara 17, alhali dokar jihar ta sa 18. Ta musanta. Lauyan Weinstein ya yi wuf ya ce ga munafurci nan ƙarara.

A nan ne ya kamata ku tsaya ku yi tambaya. Ko da a ce duk abin da aka faɗa kanta gaskiya ne, me ya canza game da abin da ya faru da sauran matan? Hukuncin da aka yanke wa Weinstein a New York a 2020, na shekara 23, bai tsaya kan maganarta ba, shaidar wasu mata ce daban. Haka na Los Angeles, na shekara 16. Mutum ɗaya zai iya zama wanda aka zalunta a wani ɗaki, ya zama azzalumi a wani. Munafurci yana sa a rage yarda da bakin mutum, shi ya sa ake neman abin da ba bakinsa ba.

Sai kuma ruɗanin da hukuncin kotu ke kawowa, don yawancinmu kanun labari kawai muke karantawa. A Afrilun 2024 kotu mafi girma a jihar New York ta soke hukuncin Weinstein, alƙalai huɗu suka rinjayi uku. Ba cewa suka yi bai aikata ba. Cewa suka yi alƙalin farko ya yi kuskure da ya bari wasu mata suka ba da shaida kan abubuwan da ba sa cikin tuhumar. Da aka sake shari'ar a Yunin 2025, an same shi da laifi a tuhuma ɗaya, an wanke shi a wata. Bill Cosby, ɗan wasan barkwancin Amurka, ma haka: an ɗaure shi a 2018, kotun ƙolin Pennsylvania ta sake shi a 2021 saboda wani tsohon mai gabatar da ƙara ya taɓa yi masa alkawarin ba za a tuhume shi ba. Na jarumin Hollywood Kevin Spacey daban ne. An saurari shaidu a Landan a 2023, aka wanke shi daga tuhuma tara, bayan an riga an cire shi daga manyan ayyuka tun 2017. Don haka in kun ji "an sake shi", ku nemi sanin ko kuskuren tsari ne, ko ƙarancin hujja, ko wankewa bayan cikakkiyar shari'a.

Yanzu ga yadda ƙwararren mai bincike yake aiki. Tambayarsa ta farko: wa kika gaya wa a lokacin? Ƙawa, yaya, mai kwalliya a lokeshan. Sai ya nemi mutumin shi kaɗai, ba tare da ta shirya shi ba, ya ji ko rana da wuri da abin da aka faɗa sun yi daidai. Shaidar da aka bayar tun kafin maganar ta zama labari ta fi wadda ta zo bayan an yi ta yayatawa nauyi.

Daga nan sai takardu: saƙonnin waya, rasit ɗin otal, alat ɗin banki, jadawalin ɗaukar fim da zai nuna ko mutanen biyu suna gari ɗaya a ranar. Wannan hanya ba baƙuwa ba ce gare mu. A Suratu Yusuf, aya ta 26 zuwa 28, mace ta yi zargi, namiji ya musanta, babu wanda ya gani. Abin da ya raba gardama shi ne riga: ta gaba ta yage ko ta baya? Malaman fiƙihu suna kiran wannan ƙarina, kuma a can namijin ne ta wanke.

Sannan a duba salo. Matan da suka zargi Weinstein, da yawansu ba su san juna ba, suna ƙasashe daban, amma labarin kusan ɗaya: a kira ki ganawar aiki a otal, mataimakiya ta raka ki ɗaki ta fice, ya fito da rigar wanka, ya nemi tausa. Sai dai wannan ma'auni yana raguwa da ƙarfi da zarar jaridu sun buga salon, don mai ƙarya zai iya kwafa. Shi ya sa ake tambayar yaushe kowacce ta fara faɗa. A ƙarshe dole a kai wa wanda ake zargi bayanin dalla-dalla, a ba shi lokaci ya amsa, a bincika amsar kamar yadda aka bincika zargin.

Akwai abubuwan da jama'a ke ɗauka alamar ƙarya ce, alhali ba lallai ba. Jinkiri na shekaru: yarinyar da furodusa ɗaya zai iya rufe mata ƙofar aiki, kuma danginta za su ce wa ya aike ta fim, ba abin mamaki ba ne ta yi shiru. Ci gaba da gaisawa da shi ko tura masa saƙon fara'a: wanda abincinsa ke hannun wani yakan yi haka. Karɓar kuɗin sasanci ma bai tabbatar da komai ba ta kowane ɓangare.

Abin da yake rusa zargi da gaske shi ne ranar da ba za ta yiwu ba, ko saƙonnin da aka yanke aka ɓoye rabi, ko neman kuɗi da barazanar tona asiri, ko ɓatan hujja. Wata tuhumar da aka yi wa Spacey a Massachusetts ta rushe a 2019 bayan wayar mai zargin ta ɓace kuma ya ƙi ci gaba da amsa tambaya a kanta. Zargin ƙarya yana faruwa. Wani bincike da David Lisak da abokan aikinsa suka wallafa a 2010 ya duba ƙorafi 136 a wata jami'ar Amurka, ya samu takwas na ƙarya ne, kusan kashi 6 cikin ɗari. Ku lura, wannan ba ya nufin sauran duk an tabbatar da su, da yawa babu isasshiyar hujja ta kowane gefe.

Mu dawo gida. A 2016 ƙungiyar masu shirya fim ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda fitowar da ta yi a bidiyon waƙa. Abin da kyamara ta nuna, cikin 'yan kwanaki an hukunta. Tambayar da za a yi wa kowace ƙungiyar fim ita ce: in sabuwar yarinya ta zo ta ce wane ya ce sai ta same shi a ɗaki kafin ya ba ta rol, teburin wa za ta je, kuma wa zai hana a daina kiranta aiki? A Legas, kotun Ikeja ta ɗaure ɗan wasan Yarabawa Baba Ijesha a Yulin 2022 kan cin zarafin yarinya ƙarama, akwai ma hoton kyamarar tsaro, amma sai da abokan sana'arsa suka rabu gida biyu. A jihar Kerala ta Indiya kuwa, rahoton kwamitin mai shari'a Hema kan halin da mata ke ciki a fim an miƙa shi a 2019, bai fito fili ba sai Agustan 2024.

Ga wadda abin ya faru da ita a nan Sakkwato, babban kuskure shi ne fara hawa TikTok ko Facebook da sunan mutum. Jifan wani da zina babu shaida huɗu ƙazafi ne, haddinsa bulala 80 kamar yadda ya zo a Suratun Nur aya ta 4, ga kuma ƙarar ɓata suna da dokar laifukan intanet ta 2015. Dattawanmu ba su manta da shari'ar Safiya Husaini ba, wadda kotun Gwadabawa ta yanke wa jifa kan zina a 2001 yayin da namijin ya musanta ya tafi, sai da kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a ta sake ta a Maris 2002. Wadda aka tilasta babu haddi a kanta a mazhabar Malikiyya, amma ana duba ƙarina, don haka hanyar da kika bi wajen kai ƙara tana da muhimmanci. Jihar Sakkwato ta amince da dokar hana cin zarafi ta VAPP a 2021, kuma akwai cibiyar Nana Khadija a Asibitin Ƙwararru da aka ware don irin wannan.

In fyaɗe ne, lokaci ake tsere da shi. Maganin kariya daga cuta mai karya garkuwar jiki sai an fara shi cikin awa 72, ana sha kwana 28. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa yana aiki har awa 120, amma da wuri ya fi. In da hali kada a yi wanka kafin likita ya duba. Kayan da ke jiki a sa su a jakar takarda ko a naɗe da jarida mai tsabta, ba leda ba, don leda tana riƙe laima ta lalata shaidar. A karɓi rahoton likita, a kai ƙara wurin 'yan sanda tare da lauya ko wani babba da aka yarda da shi.

In matsin lamba ne ta waya, kada a goge komai, har da saƙonnin da kike jin kunyarsu, don gogewar ita lauyan ɗaya ɓangaren zai kama. Hoton allon waya ya nuna lamba da rana da abin da ya gabata, ba yanki ba. A ajiye wayar da kanta, don sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 yana buƙatar bayani kan na'urar da hujjar ta fito. Ki rubuta abin da ya faru a ranar, da wuri da lokaci da wanda ya gan ki kin shiga ko kin fito.

Wanda aka zarga shi ma kada ya goge komai, kada ya kira ta, kada ya tura dattawa da ambulan, don ko yana da gaskiya za a karanta shi a matsayin toshiyar baki. Ya tara abin da zai nuna inda yake a ranar, ya bar lauya ya yi magana.

Kamfanin fim ko ƙungiyar mawaƙa kuwa, gyaran ba shi da tsada. Tantance sabbin 'yan wasa a ofis, da rana, da mutum na uku a zaune. A rubuta yarjejeniyar kuɗi da rol kafin a tafi lokeshan. A kafa kwamitin koke da mace a ciki da wani daga wajen masana'antar, kuma duk wanda ke da fim ko kuɗi tare da wanda ake zargi ya tashi daga zaman har a gama.